Keken Gwaggo Aljihu

Idan mutum ya zalunci wani saboda ke, kika kuma karɓi moriyar kina sane, wa Allah zai fara tambaya, shi ko ke? Kwana uku ke nan ina juya tambayar nan a raina, ban samu amsa ba. Na kawo muku ita ko a cikinku akwai wanda ya fi ni sani. Amma ku ji labarin tukuna kafin ku yanke mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: a kamfanin ɗinki nake aiki, inda muke ɗinka kayan 'yan makaranta da na masu gadi da na ma'aikatan asibiti. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, kekuna hamsin da biyu a layi huɗu, fanka shida, amma biyu ne kawai suke juyawa tsakani da Allah. Kowa da abin da yake ɗinkawa. Wata wuya, wata hannu, ni kalmasa, a can ƙarshen layi na huɗu. Wanda zan aura nan da wata biyu shi ne shugaban ma'aikatanmu. Agogo ake ce masa, domin kullum ƙarfe bakwai yana bakin ƙofa yana kallon tsintsiyar hannunsa kamar wanda aka ba ajiyar lokaci. A wayata kuwa "Agogona" na rubuta, kada ku gaya wa kowa.

Ranar Litinin da aka tashi cin abinci ya kira ni ƙarƙashin bene.

"Albishirinki."

"Sai na ji."

"Jibi jami'ar ƙwadago za ta zo. Na sa sunanki a cikin arba'in."

Ku fahimci abin da wannan yake nufi. An yi sabuwar doka, mun ji ta a rediyo, an kuma lika takardarta a ƙofar kamfani kwana ɗaya kafin a yage. Duk wanda ya wuce wata shida yana aiki a wuri, dole a yi masa rajista. Mai rajista yana da hutun rashin lafiya, mace tana da hutun haihuwa, in allura ta huda maka yatsa kamfani ne zai kai ka asibiti. Babban abin shi ne, da zarar jami'a ta gan ka a bakin aiki ta rubuta sunanka, ba mai korarka da fatar baki, sai an je gaban hukuma. Mu da muka saba a ce wa mutum "gobe kada ki zo" shi ke nan magana ta ƙare, ai wannan kamar a mafarki.

Sai da na yi tsalle. Watana bakwai kacal, ban sa rai ba.

"To amma mu hamsin da biyu ne," na ce da murnar ta ɗan lafa.

Ya kalli agogonsa. "Manaja ya ce arba'in kamfani zai iya. Sauran 'yan hutu ne."

'Yan hutu. Haka muke kiransu. Duk ranar da manyan baƙi za su zo, akwai waɗanda ake tarawa a sito, cikin bandir-bandir na yadi, a karɓe wayoyinsu, a kulle ƙofa, a lulluɓe kekunansu a ce sun lalace. Ba a cewa su zauna a gida, domin da baƙin sun fita za a buɗe su su rama aikin da ya kwanta. Masu ciki, tsofaffi, da wata kurma mai yanke zare. Sau biyu aka yi a gabana, har da ni a masu dariya. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da muke yi wa dariya ba.

"Su waye sha biyun?"

Ya miƙo mini takarda ba tare da ya dube ni ba. Suna na farko, Gwaggo Aljihu.

Bari na gaya muku wace ce ita. Shekara goma sha tara tana ɗinka aljihu a kamfanin nan, aljihu kawai, shi ya sa sunan ya bi ta. Gajeriya ce, shan inna ya taɓa ƙafafunta tun tana yarinya, da sanda take tafiya. Kekenta ne na farko a bakin ƙofa don kada ta yi nisa. Kullum mayafinta a goge, ɗankwalinta a ɗaure tsaf, da ɗan almakashi rataye a wuya kamar sarƙa. A satina na farko aka ba ni gwajin aljihu, na ɗinke bakin guda talatin ruf, ba inda hannu zai shiga. Ina tsaye ina hawaye ta janyo kwandon da sandarta.

"Doguwa, waɗannan na marowata kika ɗinka? Kawo nan."

Ta fasa cin abincinta, ta farke su ɗaya bayan ɗaya, ta gyara, ba wanda ya ji. Ban taɓa jin ta yi mini gori ba.

Akwai kuma abin da na daɗe ban lura ba. Gwaggo ba ta shan ruwa a wurin aiki. Duk zafin kwanon nan, sai dai ta jiƙa leɓe. Banɗakin mata yana saman bene, matakala ashirin da biyu. Shekara goma sha tara ke nan tana hana kanta ruwa daga safe zuwa yamma don kada ta buƙaci hawa. Sabuwar dokar ta ce duk inda aka yi wa mai irin lalurarta rajista, dole a yi banɗaki a ƙasa. Abin da Manaja ba ya son ji ke nan.

Na same ta ranar Talata tana cin burodi busasshe a bakin kekenta.

"Gwaggo, kin ga takardar?"

"Na gani. Gobe ina hutu a sito. Zan miƙe a kan yadin asibiti, shi ya fi laushi."

"Ba abin dariya ba ne. Ke kika fi kowa cancanta."

"Ai na sani." Ta karkaɗe ɓurɓushin burodi daga cinyarta. "Ke dai ki zauna a kekena gobe, an ce ke za a sa, don ba za a ce wa baƙuwa keken aljihu ya lalace ba alhali ga riguna da aljihu. Kada ki tsinka mini zare. Kuma kada na ji kin buɗe baki."

"Don me?"

"Jikoki uku nake ciyarwa, Doguwa. In kika yi magana baƙuwar ba ta rubuta ba, ita ta shiga mota ta tafi, ni kuma na kwana ba aiki. Wa zai ɗauki gurguwa mai shekara hamsin da bakwai? Ke ki samu taki takardar. Na yafe miki tun kafin ki tambaya."

Yafiyar nan ita ta fi komai yi mini ciwo.

Da yamma na iso gida na tarar labari ya riga ni. Umma tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, Yaya ya dawo daga tuƙi yana wanke ƙafa a bakin famfo, Auta ƙanwata kuma ta baza yadin da aka saya na ɗinkin bikina a kan igiya tana ɗaukar hoto. Ruwan zuma ne mai ƙananan furanni, Agogo ne ya zaɓa da kansa.

"Ga ma'aikaciyar gwamnati!" in ji Auta. "Yaya Doguwa, in an ba ki hutun haihuwa ni zan riƙa karɓar miki."

"Rufe mini baki, marar kunya," Umma ta ce tana murmushi. "Yaron nan ya kira ni da kansa. Allah ya yi masa albarka. Namijin da zai tsaya miki tun kafin ki shiga gidansa, ai sai godiya."

Na zauna a kan bokiti na gaya musu komai. Sito, makulli, Gwaggo, matakala ashirin da biyu. Umma ta daina tsintar, ta ce, "Allah sarki baiwar Allah." Sai ta ci gaba da tsintarta.

Yaya ne ya juyo. "To yanzu me kike so a yi?"

"Ya buɗe ƙofar in jami'ar ta zo."

"Ya buɗe, a kore shi, ki auri mai zaman gida? Ke kika kafa kamfanin? Shekarata nawa ina tuƙa motar mutane ba takarda ba komai, wa ya buɗe mini ƙofa?"

"Shi ya sa ai, Yaya."

"Shi ya sa me? Umma, ki yi mata magana. Ta fara karanta doka a waya, ta zama lauya."

Umma ta ajiye farantin. "Ki dube ni nan. Tun rasuwar mahaifinku ban yi barci mai daɗi ba sai da maganar auren nan ta tsaya. Gobe ki je, ki zauna inda aka ce, a tambaye ki ki ce e. Ban yafe ba in kika jawo masa abin da zai rasa aikinsa."

Na shiga ɗaki na ɗauki waya. Ga abin da muka rubuta ni da Agogo, ban goge ko ɗaya ba.

"Sunan wa ka cire ka sa nawa?"

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Ba haka abin yake ba."

"Sunan wa?"

"Nata ba ya ciki tun farko. Manaja ya ce ko na ɓoye ta ko ya sallame ta yau. Na zaɓi ɓoyewa. Aikinta na ceto."

"In jami'ar ta rubuta sunanta ba mai iya korarta. Ka san haka."

"Ni kuma fa? Ni dokar ba ta kare ni ba, ina ɓangaren shugabanni. Takardar kora ɗaya Manaja zai rubuta."

"Makullin yana hannunka."

"Ba zan buɗe ba. Ki ce mini matsoraci in kina so. Ina da uwa, ina da aure a gabana. Ba zan buɗe ba."

Na ajiye wayar. Can ya turo: "Kin ci abinci?" Na kife ta a kan katifa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, bai yi ƙarya ba. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Mutum ne da yake zagayawa ya cika wa masu ciki gorar ruwa, shi ne kuma zai kulle su gobe. Na rasa inda zan ajiye shi a zuciyata.

Laraba na sa doguwar rigata mai ruwan toka, na ɗora rigar aiki sabuwa fil da aka raba wa mu arba'in. An share ɗakin, an gyara fanka huɗun da suka mutu, har da akwatin magani aka rataye a bango, ledarsa ma ba a cire ba. Ƙarfe tara Agogo ya zagaya da kwali yana karɓar wayoyin 'yan hutu. Suka wuce a layi. Gwaggo ce ta ƙarshe, sandarta tana ƙwas, ƙwas a kan siminti. Da ta zo daidai shi ta ce, "Makanike, in ka manta da mu har yamma, ka turo mana shayi." Makanike take ce masa har yau, domin gyaran kekuna ya fara yi kafin a ɗaga shi. Bai yi dariya ba. Ya ja ƙofar ƙarfen, ya datse kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun gaba.

Na zauna a kekenta, nan take na gane akwai matsala. An rage wa kujerar ƙafafu. A kan feda kuma, inda ake takawa, an ɗaure wani katako mai kauri da ƙusoshi, an sassaƙe shi a karkace, samansa ya yi sumul da lotsawar tafin ƙafa ƙarama. Ni da doguwar ƙafa, gwiwata sai dukan ƙasan tebur take yi. Na ɗaga kai na neme shi, yana can yana lulluɓe kekuna. Har yau ban sani ba, mantawa ya yi bai cire katakon ba, ko kuwa hannunsa ne ya ƙi.

Sha ɗaya saura ta iso. Na zaci zan ga wata mai ƙasaita da 'yan rakiya. Sai ga 'yar siririyar mata da tabarau, takalmi shafaffe, jakar da hannunta ya fara ɓarewa. Ita kaɗai. Manaja ya tare ta da lemo mai sanyi da kujera mai laushi a ofis. Ta ce ta gode, ta wuto cikinmu.

Ban taɓa ganin mai aiki irinta ba. Ba ta ɗaga murya, ba ta sauri. Kowa sai ta gaishe shi, ta tambayi sunansa da na mahaifinsa, ta rubuta, ta karanta masa ya ji ko daidai ne. Ta buɗe akwatin magani ta duba. Ta hau bene tana ƙirga matakala a fili, ta sauko. Ta ɗaga lulluɓin wani keke daga cikin waɗanda aka ce sun mutu, ta ja zaren da ke jikin allura, ta dubi launinsa, ta dubi rigunan da muke ɗinkawa a ranar. Launi ɗaya ne. Ta mayar da lulluɓin.

Ni ta bari a ƙarshe, duk da ni ce a bakin ƙofa.

"Sannu ƙanwata. Wannan kekenki ne?"

Manaja yana bayanta. Agogo yana gefensa. A raina na ji muryar Umma, na ji ta Gwaggo. Jama'a, ga abin da na zo na faɗa muku, ba zan yi wa kaina ado ba.

"E," na ce. "Nawa ne."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Ɗinka mini aljihu ɗaya na gani."

Na ɗora yadi, na taka. Ƙafata ta zame daga kan katakon, keken ya zabura, gwiwata ta daki tebur, zare ya tsinke. Wata a layi na biyu ta yi tari don ta ɓoye dariya.

"Tsoro ne, ranki ya daɗe," Manaja ya ce da sauri. "Ba su saba ganin manya ba."

Matar nan sai ta ajiye jakarta, ta tattare zaninta, ta durƙusa a kan siminti. Jami'ar gwamnati guda, a ƙarƙashin tebur. Ta shafa katakon da tafin hannu, ta bi lotsawar da yatsa. Ta daɗe a wurin.

"Wanda ya sassaƙa wannan ya san ƙafar da ya yi wa," ta ce. "Sai da ya auna ta. Ba aikin rana ɗaya ba ne."

Ba ta kalli kowa ba da ta faɗa. Ni ce na kalli Agogo, na ga idonsa yana kan katakon. A nan na gane. Makanike. Ashe aikin hannunsa ne.

Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa, ta rubuta sunana cikin littafinta, ta karanta mini. Na zama mai rajista. Ban taɓa jin sunana ya yi mini nauyi haka ba.

Sannan ta juya ta fuskanci ɗakin, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Na rubuta mutum arba'in. Doka ba ta ba ni ikon fasa ƙofar kowa ba. Amma duk ɗakin da ma'aikacin wurin nan ya buɗe mini, zan shiga, duk wanda na tarar kuma zan rubuta shi. In na fita yau, sai baɗi. Akwai wanda ya rage?"

"Babu, ranki ya daɗe," in ji Manaja. "Sito ne kawai, yadi ne a ciki."

"Ba kai na tambaya ba, yallaɓai."

Mu arba'in, kowa ya sunkuyar da kai. Fanka shida suna ta juyawa. Ta tsaya tana jira, ta kai minti guda, wallahi ya fi mini wata bakwai tsawo. Na buɗe baki, harshena ya ƙi ɗagawa. Ina so na ce muku na yunƙura zan tashi, amma ban yunƙura ba. Riƙe gefen teburin Gwaggo na yi da hannu biyu.

Ta rufe littafin. Ta sa biro a jaka. Ta rataya jakar, ta yi taku ɗaya, biyu, zuwa ƙofar fita.

"Hajiya."

Muryar Agogo ce, amma a dishe, kamar ba tasa ba.

"Ki ɗan dakata."

Manaja ya juyo. "Kai, lafiya?"

Agogo ya juya masa baya. Ya bi tsakanin layi na biyu da na uku, yana tafe kamar mai ɗauke da buhu. Da ya wuce ta kusa da ni na ga gumi ya jiƙa bayan rigarsa, na ga hannunsa a bakin aljihu. Bai dube ni ba. Ba don ni yake yi ba, na sani, kuma hakan ya fi mini daɗi fiye da a ce don ni ne.

"In ka taɓa ƙofar nan," Manaja ya ce a hankali, "ka san sauran."

"Na sani, yallaɓai."

Sau biyu makullin yana kuskure ramin kwaɗon. A na uku ya shiga. Ya tura ƙofar, zafi da warin sabon yadi suka buso mana. Ga su nan zaune a kan bandir, masu ciki suna fifita da kwali, Gwaggo a gaba da sandarta a kan cinya, tana ƙifta ido saboda haske. Ta dube shi, ta dubi jami'ar da ta riga ta buɗe littafi, ta dubi Manaja da ya ɗaga waya yana neman mai kamfani.

"Makanike," ta ce, muryarta ba wasa ko kaɗan. "Wa ya aike ka? Ka san abin da ka yi wa kanka?"

Ya durƙusa a gabanta, ya miƙa mata hannu.

"Taso, Gwaggo. Sunanki ake jira."